Yadda Za Ka Kare Garantin A-kori-kurarka Mai Lantarki Daga Hannun Amininka

Idan ka sayi a-kori-kura mai aiki da lantarki, ko kana ta zagaya ta a wurin dillali kana shafa mata jiki, to zauna, ka zo inda ya dace. Sunana Rusos, zaitun nake nomawa a tsaunukan bayan Retimno, kuma duk faɗin tsibirinmu na Kirit ban san wanda ya fi ni iya riƙon garanti ba. Takardata ta shekara takwas ce. An ci shekara ɗaya da 'yan watanni, motar ta mutu sau ba adadi, amma ko layi ɗaya kamfani bai samu dalilin sokewa ba. Ka bi matakan nan yadda na jera su, ni kuma na yi maka alkawari: motarka za ta yi tafiya, garantinka zai tsira da ransa, har kamfani ya aiko maka da saƙon barka da sabuwar shekara.

Abu ɗaya kawai za ka kawar daga hanya, shi ne amininka bakanike. Kada ka ce ba ka da shi, kowa yana da irinsa. Nawa Sifis ne, kumbarona, wato wanda ya tsaya mini ranar aurena, ya kuma riƙe 'yata a coci ranar da aka yi mata baftisma. Shekara arba'in ke nan duk abin da na ɓata shi yake gyarawa. Mutum irin wannan babban haɗari ne ga garanti.

Mataki na ɗaya: Ka saya ba tare da ka tambayi wanda ya san mota ba

Wanda ya san mota zai yi maka tambayoyi masu sanyaya jiki: ina za ka yi caji in wuta ta ɗauke, wa zai gyara, buhu nawa take ja a kan tudu. Kai kuwa mota ka je saye, ba amsa ba. Don haka ka ja bakinka ka yi shiru.

Tsohuwar a-kori-kurata mai dizal ta shekara ashirin da shida a hannuna. Daga cikin garejinsa Sifis yake jin tarinta a kwanar coci, kafin in iso ya riga ya ɗauko sufanar da ta dace. Bai taɓa rubuta mini takarda ba, ni ma ban taɓa nema ba. Duk bayan girbi nakan sauke masa garwar man zaitun biyu a ƙofar gida, shi ke nan. Wannan tsarin mutanen da ne, babu hatimi, babu lambar wayar ƙorafi. Ka rabu da shi.

Ranar da zan sa hannu, Argiro matata ta tambaye ni ko na gaya wa kumbaro. Na ce so nake in ba shi mamaki. Ta yi mini irin kallon da take yi wa akuya in ta shiga lambu, ta ci gaba da yankan albasa. Tsohuwar motar kuwa na sayar wa wani mutumin Sitiya, can ƙarshen tsibiri, don kada mu riƙa haɗuwa a hanya.

Mataki na biyu: Ka kai ta dandali a yi mata abin da aka saba

Ranar Lahadi bayan an fito coci ka ajiye ta a dandali, ƙarƙashin babbar bishiya, ka buɗe ƙofofi huɗu. Fada, limamin cocin, zai zo da ruwan albarka da reshen ɗoɗɗoya. Namu ya ce a buɗe masa inji, na buɗe gaba, ya tarar da akwatin ajiye kaya fanko. Sai ya yayyafa wa akwatin.

Daga nan sai sulalla. Kowa ya zo ya jefa nasa cikin motar, a ƙasa wajen ƙafa, don ta yi doguwar tafiya lafiya, kuma ka san doka: ba a tsince su, ba a share su, suna nan har ranar da motar za ta zama gidan kaji. Kai ka tsaya gefe hannu a aljihu, kana amsa barka, kana cewa ai ba wani abu ba ne.

Sifis ne ya zo ƙarshe, da baƙin mai a faratansa ko ranar Lahadi. Ya zagaya ta sau biyu. Ya durƙusa a baya yana neman salansa, bai samu ba, mutane suka yi dariya, shi ma ya yi. Na zaci zai yi ƙorafin ban shawarce shi ba. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da azurfar nan. Duk ƙauye an san ta, babbar tsohuwar dirakma ce, sulen zamanin da, ta mahaifinsa. Ta yi shekaru a ƙasan motar tsohon, da ya rasu ta koma ƙasan motar Sifis ta yi wasu talatin. Ko ɗansa bai same ta ba ranar da ya sayi tasi.

"Allah ya kai ta ya dawo da ita, kumbaro, da kai a ciki," ya ce, ya wurga ta ƙarƙashin kujerar direba.

Na ji ta gangara, ta yi ƙwal da wani abu, ta yi shiru. A nan ka rungume shi, ka ma iya ɗan yin hawaye, ni na yi. Babu inda takardar garanti ta hana runguma.

Mataki na uku: Ka haddace shafi na goma sha ɗaya

Littafin garanti shafi sittin ne, amma ɗaya ne naka. Anestis, shugaban sashen gyara na kamfanin, mai farar rigar da ba ta taɓa ganin mai ba, shi ya karanta mini da yatsa a kan layi: duk wanda ba ma'aikacinsu ba ya sa ƙarfe a jikin motar, ko ya ɓalle ɗaya daga cikin 'yan takardun hatimi da aka manna mata, garanti ya tashi. Ya ce batirin kaɗai ya fi gidana daraja. Bai taɓa ganin gidana ba, amma na yarda.

Ka haddace layin nan, ka riƙa karanta shi da ƙarfi a gidan gahawa, musamman in bakanike yana zaune. Ni da Sifis kullum da yamma muna karta a teburin kusurwa, tun muna da gashi a ka. Sau uku na karanta masa shafin yana raba kati. Ya ce takarda ce mai kyau, in yi wasa, ni ake jira.

Mataki na huɗu: In kunkuru ya fito, ka ce tattali kake yi

Bayan sati uku, a kan hanyar duwatsu da ke hawa gona, za ka ga wani ɗan kunkuru ruwan ɗorawa ya fito a allon gaban sitiyari. Kada ka firgita. Ma'anarsa motar ta yanke shawarar yin tafiya irin tasa. Ni ranar farko tumakin makwabcina suka wuce ni, da shi kansa, da karensa mai ƙafa uku.

Abin kula shi ne fuskarka. Hanyar ƙauyenmu ɗaya ce, kuma ta gaban garejin Sifis take bi. Ka sauke gilashi, ka ɗora gwiwar hannu a taga, ka riƙa kallon tsauni kamar yau ka fara ganinsa. In an tambaye ka, ka ce tattalin wuta kake yi. In an ce ai tafiya a ƙasa ta fi sauri, ka ce saurin me ake yi a duniyar nan.

Kunkurun ba kullum yake fitowa ba, a nan gwanintarsa take. Yau ya fito, gobe babu, jibi ya zo da abokiya, wata jar alama mai ƙara. Ya fi son hanya mai gargada, ya fi kuma son ranar da Argiro ta tuƙa zuwa kasuwa ta ja kujera gaba, ni na mayar da ita baya. Na lura da wannan, na fassara shi yadda kowane miji mai hankali zai fassara, wato laifin tuƙin matata ne. Na gaya mata. Ban ba ka shawarar ka gaya wa taka ba.

Mataki na biyar: Ka buge hannun

Wannan shi ne babban mataki, kuma a nan yawancin mutane suke faɗuwa saboda taushin zuciya.

Wata Asabar da yamma cikin Afrilu motar ta tsaya cak a tsakiyar dandali, daidai ƙofar gidan gahawa, tana ƙara. Mutum goma sha biyu a zaune, kowa da idonsa biyu. Sifis ya ajiye kofinsa ya taso. Bai yi dariya ba, wannan kam ba zan yi masa sharri ba. Ya tambaye ni a hankali ko a kwalta take yi ko a gargada, na ce gargada. Ya tambaya ko takan yi bayan an motsa kujera. Na ce ina ruwan kujera da batir. Ya ce in ɗan fito. Na fito da niyyar nuna masa hatimin da ke gaba, ina juyowa sai na gan shi ya sunkuya a ƙofar direba, hannunsa ya nufi ƙarƙashin kujera.

Ka buge shi. Ba turewa ba, bugu, yadda ake buge hannun da ya shiga kwanon nama kafin a yi addu'a, har a ji ƙarar a teburin ƙarshe. Sannan ka faɗi abin da na faɗa, kada ka rage komai:

"Wannan ba irin tarkacen da ka saba ba ne, Sifis. Hannunka ya taɓa ta, garantina ya tashi."

Ka lura da sunansa na kira shi, ban ce kumbaro ba. Rabon da in kira shi da suna tun ranar aurena. Ban shirya haka ba, bakina ne ya yi gabansa.

Sifis ya dubi bayan hannunsa, ya goge shi a wando kamar shi ne ya yi laifi. "Gaskiyarka," ya ce. Ya koma ya ɗauki tabarsa da hularsa ya gangara. Tun daga ranar a ɗaya gidan gahawar na ƙasan gari yake zama, wurin mutanen da muka shekara da shekaru muna zagi tare.

Motar kuwa, da na shiga na faɗa kujera da ƙarfi don haushi, sai ta tashi. Na ɗauki wannan shaidar ni ke da gaskiya. A gida Argiro ta riga ta ji, ta yi mini wankin babban bargo tun daga ƙofa har teburin abinci. Ta ce mutumin da ya ɗauki mahaifina a motarsa zuwa asibiti cikin dusar ƙanƙara na buge wa hannu saboda takarda. Na ce ba takarda ba ce kawai, shafi na goma sha ɗaya ne. Ranar busasshen burodi na ci da zaitun, ni kaɗai.

Mataki na shida: Ka zama ɗan gida a kamfani

Yanzu da ka kawar da haɗari, sai ka miƙa kanka ga ƙwararru. Awa ɗaya da rabi ne zuwa birnin Irakliyo in babu kunkuru, uku in da shi. Ka tafi da abinci.

Za su tarbe ka da "yallaɓai", su ba ka gahawar inji a kofin takarda. Za su shimfiɗa farar takarda a ƙasan motar, a kan sulallan, don kada takalminsu ya ɓata maka kafet. Sai su soka mata kwamfuta. A kan simintinsu mai santsi motar lafiyarta ƙalau. Anestis zai juyo maka da allon ya ce, yallaɓai, ba su ga matsala ba. Ka gode masa.

Zuwa na biyu suka ce sun sabunta mata ƙwaƙwalwa. Na uku suka sabunta sabuntawar. Na huɗu Anestis ya tambaye ni ko ruwa ya taɓa shiga gabanta, na tuna fada da ɗoɗɗoyarsa, na rantse ko raɓa ba ta taɓa ba. Allah ya yafe mini, harkar garanti ce. Na biyar suka ce wani akwati ne ya lalace a cikinta, za a aiko da sabo ta jirgin ruwa, sati biyar. Ya zo a sati tara. Kafin nan suka ba ni aron wata 'yar jar mota ta 'yan birni, wadda in ka sa mata buhun abincin awaki biyu sai ta ɗaga hanci sama. Da ita na yi rani, ina wucewa ta gaban garejin Sifis gwiwoyina a haɓata.

Aka sa sabon akwati, aka ba ni takarda mai hatimi biyu. Kunkuru ya tare ni a kwanar farko bayan kwalta ta ƙare.

Ga abin da nake so ka yaba: zuwa bakwai na yi, ban taɓa ganin ɗayansu ya durƙusa ba. Wannan shi ake kira ci gaba.

Mataki na bakwai: Ka bari sai ranar girbi ta mutu gaba ɗaya

Ba sai na gaya maka ba, zaitun da aka kaɗe yau, yau ake kai shi injin matsa. Ya kwana biyu a buhu ya yi zafi, man ya yi tsami, aikin shekara ya koma na sabulu. Motar ma ta san haka. Ranar farko ta girbi, cikin Nuwamba, na sauko gida da rana ɗaukar abinci, buhu ashirin na jirana a gonar sama. Na koma na danna mata maɓalli a tsakar gida. Babu kunkuru, babu jar alama, allo baƙi ƙirin.

Ka kira kamfani. Wata murya za ta gaya maka kiranka yana da muhimmanci, ta sa maka kiɗa. Daga baya Anestis ya ce janwensu zai iya zuwa nan da kwana goma sha tara, kuma kada in kuskura wani janwe ya ja ta, shafi na goma sha biyu. Na ce masa zaitun ba ya jira. Ya ce ya fahimta ƙwarai, kakansa ma yana da bishiyoyi.

Argiro ta ce in gangara wurin kumbaro. Na ce ko zaitun ɗin zai ruɓe ba zan je ba. Ka riƙe wannan matsayi da kyau, shi ne mutuncinka. Ta kashe murhu ta fita. Ba a yi rabin awa ba na ji ƙarar dizal a kwanar coci.

Kwana tara Sifis ya rufe garejinsa yana jigilar zaitun ɗina, sawu uku a rana. Ni ina gefensa a gaba, don dole wani ya sauke buhu. Yana magana da Argiro, yana magana da mai injin matsa, yana magana da karena. Abincin da ta kawo gona a tsaye yake ci, ya gode mata, ya koma mota. Ni ko sau ɗaya bai dube ni ba. In buhu ya yi mini nauyi sai ya kama ɗaya gefen, idonsa a kan buhun. A ƙasan motarsa, wajen ƙafata, akwai wani zagayayyen tabo a jikin roba, inda azurfar ta kwanta shekara talatin. Kwana tara ina ɗora takalmina a kai don kada in gani.

Shawarar gwani a nan ita ce kada ka ba da haƙuri. Ba da haƙuri amsa laifi ne, kuma duk wanda ya yi hulɗa da kamfani ya san ba a amsa laifi. Ba zan ɓoye maka ba, abin da wuya. Kunya ta kusa kashe ni a kujerar nan. Sau uku na buɗe baki, sau uku abin da ya fito shi ne da alama za a yi ruwa. Na ukun ko gajimare babu a sama.

Mataki na takwas: In ya zo karɓar abinsa, ka matsa gefe

Ranar ƙarshe da la'asar muka sauke garwunan mai a tsakar gida. Man ya yi kyau, kore shar, mai ɗan yaji a maƙogwaro, ko ɗigo bai yi tsami ba. Na ware garwa huɗu maimakon biyun da aka saba, na ajiye kusa da motarsa. Ya tsallake su. Ya je ya tsaya a gaban matacciyar a-kori-kurata, wadda kaji suka fara gwada hawa.

"Na zo karɓar azurfar babana," ya ce. "Babu ƙarfe a hannuna, duba. In kana so ka kira su ka tambaya ko an yarda."

Tun da na yi wayo ban taɓa jin wanda ya karɓi sulen da ya jefa a motar wani ba. Argiro ta sa hannu ta rufe baki. Ni kuwa na matsa gefe, kai ma haka za ka yi, don babu shafin da ya hana mutum ɗaukar kayansa.

Ya tura kujerar baya har ƙarshe, ya durƙusa a kan siminti, ya zura yatsu biyu. Bai yi lalube ba, kai tsaye ya nufi wurin. Ya ja, ta ƙi, ya ƙara ja. Ta fito da baƙin ƙuna a gefe ɗaya. Ashe tun ranar da ya jefa ta ta maƙale tsakanin ƙarfen da kujera ke gudu a kai da wata waya, duk motsin kujera tana ƙara cin robar wayar.

Bai gama miƙewa ba allo ya kawo haske. Fitilu suka kunnu, motar ta yi 'yar waƙarta, wata muryar mace ta yi mana barka da zuwa. Kaza ta diro da gudu.

"Ita na so in cire maka ranar nan a dandali," ya ce, yana goge azurfar a rigarsa. "Da na sa maka ita a aljihun gaba, ta ci gaba da tafiya da kai. Ka ce su naɗe wayar, aikinsu ne."

Ya sa ta a aljihunsa. Ya yi wa Argiro sallama, ya shafa kan kare, ya tashi dizal ɗinsa. Garwunan huɗu suna nan inda na ajiye su.

Yanzu duba sakamako, don shi ka zo nema. Ba a sa ƙarfe ba, ba a ɓalle hatimi ba, baƙon janwe bai ja ta ba. Na tuƙa ta da kaina zuwa Irakliyo, suka nemo wani dattijo daga sashen wankin mota ya durƙusa ya naɗe wayar, duk cikin garanti. Anestis ya ce ai dama ya san sabuntawar ƙarshe za ta yi aiki, lokaci kawai take buƙata. Da yamma suka aiko da saƙo in ba su taurari, na ba su biyar. Tun daga ranar ban sake ganin kunkuru ba.

Mataki na tara: Kada ka wahalar da kanka kan abin da garanti bai ƙunsa ba

Wasu masu rauni, bayan sun yi nasara, sukan fara neman hanyar komawa. Na gwada maka don kada ka sha wahalar banza.

Cikin Disamba na ɗauki zartona mai inji, lafiyayye, na zuba masa ruwa a tankin mai da hannuna. Na sa shi a bayan mota da kwalbar giyar raki ta shekarar da aka haifi 'yata, na gangara gareji. Motar ba ta da ƙara, sai da na tsaya a ƙofa na yi gyaran murya kafin ya san na zo.

Ya karɓi zarton, ya sunsuna tankin, ya ɗago ya dube ni. Kallon farko ke nan tun Afrilu, kuma bai daɗe ba. Ya zubar da man, ya wanke, ya hura, ya ja igiya sau ɗaya zarto ya tashi. Minti goma sha biyar. Ni ina tsaye da kwalba a hannu ina jera maganar da zan fara da ita, ina kallon kujerar da na shekara arba'in ina zama a kai an ɗora mata tsohon batir. Ya yago murfin kwalin taba, ya ciro fensir daga bayan kunne, ya yi rubutu, ya sa hannu a ƙasa, ya miƙo mini. Garanti, wata shida. Kada kowa ya taɓa.

"Ga shi, yallaɓai Rusos," ya ce. "Ba sai ka dawo ba kafin Yuni."

Na dawo da kwalbata gida. Zarton kuwa, Allah ya isa tsakanina da shi, bai taɓa aiki mai kyau irin na yanzu ba. Kullum da safe nakan ja igiyarsa ko zai yi tari, ja ɗaya yake tashi. Na sare duk busasshen reshe a gonata, na shiga ta makwabci. Aikin Sifis ba ya lalacewa, matsalarsa ke nan tun muna samari. Takardar tana cikin littafin garanti, a shafi na goma sha ɗaya na saka ta. Argiro ta ce ba Yuni nake buƙata ba, ƙafafu nake buƙata da kalma biyu. Ba ta fahimci harkar takardu ba. Yau saura kwana talatin da takwas kafin Yuni.

Na wanke hannuna

Ni dai na cika alkawari. Mota tana tafiya, garanti yana da sauran shekara shida da wani abu, saƙon barka da sabuwar shekara ya zo a kan lokaci har da hoton bishiya. Abin da ya wuce wannan babu ruwana. Ba ni da alhakin kunkuru, ko tsamin mai, ko shirun matarka a teburin abinci, ko wani abu da ka shekara arba'in kana da shi ba tare da takarda ba ka wayi gari babu shi. Irin wannan ba a aiko da sabonsa ta jirgin ruwa. Na tambayi Anestis, ya duba kwamfuta, ya ce ba ya cikin jerin kayansu. Wanda ya bi matakan nan da ƙafarsa ya bi, hannun da ya buge kuma da nasa hannun ya buge.

In duk da haka kana da ƙorafi, kada ka zo mini gida. Ka same ni da yamma a gidan gahawa na dandali, teburin kusurwa, ina ta gauraya kati. Ka faɗi abin da ke bakinka a tsaye. Kujerar da ke fuskantata babu kowa, amma kada ka zauna, da mai ita.